Ni Ba Na Kware Ba Ne

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Safinatu ta zo daga Shagari yau, wai gaisuwa. Da shirinta ta zo. Tana gama shan ruwa ta ce in ba ta wayata, ta lallatsa, ta miƙo mani. Wai ta yi mani rajista da wasu masu ba da shawara ta intanet, masu sauraron waɗanda damuwa ko firgici ko ƙwaya ta kama. Ran Laraba bayan La'asar wani zai kira ni ta bidiyo.

Na ce, "Ke, ni kinka mai da mahaukaci?"

Ta ce, "Yaya, mahaukaci bai san ba ya barci ba. Kai ka sani."

Ƙanwata fa. Ni na riƙa kai ta makaranta bisa keke, yau don ta yi karatun jinya ta ga ta isa. Shekara kusan ashirin ina tuƙa bas tsakanin Sakkwato da Bodinga da Shagari, ban taɓa kai kukana wurin kowa ba sai Allah. Yanzu in zauna in buɗe wa gilashin waya cikina? Ni ba na Kware ba ne. Can asibitin masu taɓin hankali yake, su je can su nemi masu ciwo.

Lahadi, 11 ga Mayu

Nana Hauwa ce ta kai tsegumina, na gane. Matar mutum ta kwashe sirrinsa ta kai wa ƙanwarsa. Ta faɗa mata ina zabura cikin barci ina taka birki da ƙafa, kuma tun watan Fabrairu na hana sa albasa a miyar gidan ga. To sai mi? Akwai dokar da ta ce dole sai mutum ya ci albasa?

Laraba, 14 ga Mayu

Ya kira. Na bar wayar tana kuka har ta gaji.

Laraba, 21 ga Mayu

Safinatu ta haɗa ni da girman Allah da darajar iyaye, shi ya sa na ɗauka. Na faka bas bayan makarantar firamare, inda sabis ke da ƙarfi kuma ba a cika wucewa ba. Ashiru sunansa. Na girme shi nesa ba kusa ba. Ga tabarau, ga Hausar Kano, da su "muka" da "suka". Ban ga alamar ya taɓa canja taya a rayuwarsa ba.

Tun farko na faɗa mashi, "Malam, ni lafiyata lau, ƙanwata ce ta matsa." Ya ce ba laifi, tunda an riga an haɗu in ba shi labarin hanyarmu. Na ba shi. Ramuka, shanun da ke tsallaka titi ba sallama, masu manyan motocin daf da ke tuƙi kamar hanyar gadon ubansu ce. Ya yi dariya. Ina ta jira ya fara wa'azi, bai fara ba. Can ya ce, "Malam Maniru, me ya faru a watan Fabrairu?"

Na kashe wayar.

Ya turo saƙo wai Laraba mai zuwa yana nan, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba. Ka zauna nan har ka yi furfura.

Alhamis, 22 ga Mayu

Shi ba zai ji ba, amma takarda ba ta da baki.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Na cika a Bodinga na nufi Shagari. Inno na gidan gaba kusa da ni, tsohuwar nan ta Mandera mai daddawa, wadda ba ta shiga motar kowa sai tawa, wai ni ba ni da gudu. Mun wuce wata tsamiya da ke bakin hanya ke nan, sai ga daf tafe maƙare da albasa. Tayarta ta gaba ta fashe, ta yo kanmu. Na kauce iya kaucewa. Gefen Inno ta ɗauka.

Da na fito, titi duk albasa, ta murƙushe, wari har cikin maƙogwaro. Na jawo Inno na ɗora kanta bisa cinyata. Ko kuka ba ta yi ba. Cewa take, "Ɗana, ina takalmina?" Ni kuma ina cewa ga shi nan, Inno, ga shi nan, alhali ban ma gan shi ba. A haka ta cika. Ita da wasu mutum biyu.

Kowa ya ce ba laifina ba ne. Na sani. Wa'adi ne, kuma na yarda da wa'adi. Jikina ne dai bai ji wannan karatun ba. Da na ji warin albasa sai gumi ya karyo, ƙirji kamar ana daka a ciki. A Bodinga kuma! Garin da ko iska da albasa take yawo.

Daga nan ƙwaya ta shigo. Tiramol. Da farko ɗaya da safe don in iya riƙe sitiyari, yanzu na daina lura. Rabin tasha na sha, ba wanda anka yi wa rajista sai ni.

Laraba, 28 ga Mayu

Na ɗauka ne don in ce ya daina kirana. Ban san yadda anka yi munka kai kusan Magariba ba.

Ban ba shi labarin Inno ba, na dai ce an yi hatsari. Ya ce abin da ke damuna sananne ne, yana da suna a wurinsu, kuma ana warkewa. Wai kwanyata ta san an wuce wurin, amma jikina yana nan tsaye a kan titin. Ya koya mani wani jan numfashi, in ja a hankali in riƙe in saki, in kuma riƙa ambaton abubuwan da idona ke gani. Na ce, "Malam, tun ranar da anka haife ni nake numfashi, ba wanda ya koya mani."

Ya tambayi ƙwaya. Na ce ba ruwansa. Ya ce, "Ba zan ce ka daina yau ba. Hasali ma kada ka yanke ta rana ɗaya, jiki zai iya bugawa. Likita ne ke sauke mutum daga ita a hankali." Na ce wane likita? Ya ce akwai su a Kware.

Ashe nan anka nufa tun farko. Na ce sai anjima.

Talata, 3 ga Yuni

Sallah ta matso, mota cike, har da raguna a but ɗin baya. Bayan mun bar Bodinga na tarar da daf ta albasa a gabana, tana jan ciki, ba halin wucewa. Warin na shigowa ta taga. Na rufe gilas, fasinja sunka ce zafi. Na buɗe. Sai na ji hannuwana sun sandare, idona ya daina ganin titi, sai zanen Inno.

Na taka birki a tsakiyar hanya, na buɗe ƙofa na fita, na durƙusa a bakin rami ina amai. Wata ƙaramar mota da ke bayana saura ƙiris ta shige cikinmu. Mata na salati, wani dattijo na zagina. Kamilu, direban tasharmu, ne ya iso da tasa bas ba lodi, ya kwashe su.

Na sha ƙwaya yau fiye da kullum, kuma ba ta hana komai ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Alhaji Malami, ciyaman ɗin tasharmu, ya kira ni ofis. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, zazzaɓi ne." Ya ce, "Maniru, zazzaɓi ba shi sa mutum ya bar mota cike da rayuka tsakiyar titi." An cire ni daga layi sai yadda hali ya yi.

Da La'asar na tafi bayan makaranta a ƙafa, na ɗauki kiran Ashiru don in sauke mashi. Na sauke kuwa. Na ce tun da ya shigo rayuwata abin ya ƙaru, shi ya tono abin da ke kwance. Ya bar ni har na gaji. Ban san lokacin da na koma ba shi labarin tsamiya da daf da takalmi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa maganar takalmin ba, ko Nana Hauwa. Na ce mashi ƙarya ce maganar ƙarshe da tsohuwar ta ji a duniya, kuma daga bakina.

Sannan ya ce, "Ni abin da na ji, ta kira ka ɗana, ka amsa."

Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Da na ɗago kai sai na hangi Mode ɗan kamasho tsaye bakin katanga, riƙe da buta, ya saki baki.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. A filin idi wani ya ce mani, "Na Kware, barka da Sallah." Anka kwashe da dariya, Kamilu har da riƙe ciki. Mode ya gama zagaye gari da ni: Maniru na kuka wa waya, likitan mahaukata na rarrashi.

Maƙwabta na suya, albasa ta cika unguwa. Na rufe kaina a ɗaki.

To, zan nuna masu. Ba Kware, ba Ashiru, ba kowa. Na kwashe sauran ƙwayar na zuba a masai. Ni na fara da kaina, ni zan daina da kaina.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ƙashina kamar ana tauna. Sanyi cikin wanga zafi. Ba komai, zai wuce.

Litinin, 9 ga Yuni

Bai wuce ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Nana Hauwa ce ta riƙe wayar, ni ba ni da ƙarfin riƙe ta. Na shirya jin "ai na gaya maka". Bai faɗa ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi. Ya tambaye ta ko na faɗi, ko jikina ya taɓa sanƙarewa. Ta ce jiya na faɗi a tsakar gida. Ni ban ma sani ba. Ya ce wannan ya wuce magana ta waya, sai likita ya gan ni da ido, kuma kada a jinkirta.

Na ce ba inda za ni.

Sai na ji muryar Ummukulsum daga bayan labule, ɗiyata, bana za ta shiga aji uku. "Inna, Baba mutuwa za shi yi?" Nana Hauwa ta daka mata tsawa. Na ce ta kira mani Safinatu.

Juma'a, 13 ga Yuni

Safinatu ta zo da sassafe. Ta ce mu tsaya can bakin gari mu tari motar da ba a san mu ba. Na ce a kan mi? Ɓarawo ne ni? Ta tasharmu za ni bi.

Munka shiga tasha ina dafe da kafaɗarta. Duk sunka juyo suna kallonmu. Mode ya taso da murmushin nan nasa, "A'a, Maniru, ina zuwa haka?"

Na ce, "Kware."

Ya ce, "Mi kac ce?"

Na ɗaga murya yadda har mai shayi zai ji. "Kware za ni. Likita za ni gani. Akwai mai saƙo?"

Ba wanda ya yi dariya. Wasu ma sunka sunkuyar da kai, na kuma san dalili, don na san abin da ke cikin aljihun kowa.

Can Kware kuwa ba abin da na zata ba ne. Benci ne da layi, kamar kowane asibiti. Kusa da ni wani malamin makaranta ne da hula mai kyau, shi maganin tari ya kama shi. Likita ta yi mani faɗa kan yankewar da na yi, ta rubuta magani, ta ce in dawo, in kuma ci gaba da magana da Ashiru. Ashe duk bakinsu ɗaya.

Laraba, 25 ga Yuni

Jiki ya fara dawowa. Kawu ya aiko da rubutu daga Dingyadi, da saƙon cewa mumini ba ya kai damuwarsa wurin waya. Na faɗa wa Ashiru don in ga yadda zai yi. Ya ce, "Ka sha rubutunka, ka riƙe azkar ɗinka, ran Laraba kuma ka ɗauki waya. Wanne ya hana wani?" Mutumin nan ba ya ba da ƙofar faɗa.

Laraba, 2 ga Yuli

Yau an kai maƙura. Ashiru ya ce Nana Hauwa ta kawo albasa guda, ta ajiye bakin ƙofa, ni ina can ƙuryar ɗaki. Ƙato da ni, mai iyali, zaune ina kallon albasa, wani ɗan Kano na ce mani ja numfashi. Da Mode ya ga wannan, sai na bar garin.

Gumi ya karyo. Na ce a fitar da ita. Ya ce in ɗan ƙara haƙuri, in faɗa mashi abin da nake gani a ɗakin. Na ce tabarma, buta, kalandar masallaci, takalmin Ummu. Da na ce takalmi sai na tsaya. Ya ce, "Na waye?" Na ce na Ummu. Ya ce, "Ina take?" Na ce tana Islamiyya.

Abin ya hau, ya hau, ya tsaya, sannan ya fara sauka da kansa. Ban taɓa tsayawa na ga saukarsa ba, kullum gudu nake tun yana hawa.

Asabar, 12 ga Yuli

Na sha ƙwaya ɗaya. Zaman gida ya ishe ni, na fita, na haɗu da wanda bai kamata ba. Guda ɗaya tak. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani.

Laraba, 16 ga Yuli

Na faɗa mashi. Ban yi niyya ba, bakina ne. Ya tambayi abin da ya faru kafin in sha, da inda ƙafata ta bi. Ya ce in sanar da likita. Na ce to duk wahalar da na sha ta tashi a banza ke nan? Ya ce, "In tayarka ta yi faci a Shagari, Sakkwato kake komawa ka sake faro tafiya?" Na ce kada ya ƙara yi mani misali da mota, bai san kanta ba.

Amma ba a komawa Sakkwato, gaskiya ne.

Laraba, 23 ga Yuli

Ruwa tun Azahar, sabis ya ɗauke. Na zagaya har bakin kasuwa da laima ina ɗaga waya sama. Ba don komai ba, ba na son a ce ni na saɓa alkawari.

Lahadi, 3 ga Agusta

Albasa ta dawo miya. Nana Hauwa ta zuba mani tana satar kallona. Na ce mi kike kallo, gishiri ne bai ji ba.

Jiya kuma na shiga motar haya zuwa Shagari a matsayin fasinja, kamar yadda munka shirya da Ashiru. Da munka doshi tsamiya na riƙe kujera, na yi ta jan numfashin nan nasa, ina karanta wa Inno Ƙulhuwallahu. Gero ya tashi kore shar a wurin, har bakin titi. Na isa gidan Safinatu rigata jiƙe. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce in ta ce "ai na faɗa" zan juya.

Litinin, 11 ga Agusta

Na kai wa Alhaji Malami takardar likita. Ofis cike, har da Mode. Alhaji ya juya ta, ya ce zai mai da ni layi, amma da sharaɗi: in bar wannan kiran wayar. Wai magana ta yi yawa, fasinja sun fara cewa tasharmu na da direba mai ganin likitan ƙwaƙwalwa, mutuncin ƙungiya na zubewa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a gafarce ni. Wata da watanni ina ɗaukar mutane da ƙwaya a cikina, ba wanda ya ce mutunci ya zube. Yau da nake neman lafiya ne na zama abin kunya?"

Ya ce, "Maniru, da ni kake?"

Na ce, "Da kai nike, ranka shi daɗe, kuma kai uba ne. In layi sai na bar waya, a riƙe layin. Gara in koma noma da in sake ɗora kan wata tsohuwa bisa cinyata."

Na fito. Ban san abin da za mu ci ba in ya riƙe ɗin. Na faɗa wa Nana Hauwa ina jiran faɗa, sai ta ce, "Baban Ummu, ko da kanzo ne za mu ci." Matar da ta kai tsegumina.

Laraba, 13 ga Agusta

Na ba Ashiru labari, ina jira ya ce na yi daidai. Sai ya ce, "Kai ya ka ji bayan ka faɗa?" Kullum tambaya. Na ce na ji yunwa.

Talata, 19 ga Agusta

Alhaji ya aiko. Gobe in fito lodi, ya ce, sawu ɗaya a yini tukuna. Bai ambaci waya ba, ni ma ban ambata ba.

Alhamis, 28 ga Agusta

Kamilu ya buge mai babur shekaranjiya wajen Dingyadi. Mutumin ne ya faɗo titi ba duba, kowa ya shaida. Ya rasu kafin a kai asibiti.

Yau na je gidan Kamilu. Ƙofar gida cike da 'yan tasha, kowa da abin da yake faɗi. Haƙuri, ƙaddara ce, kai namiji ne, ka manta. Shi kuma yana ta "awo, awo", yana murmushi, hannunsa ɗaya na danne ɗayan a kan gwiwa. Na san wannan dannewar.

Na jira sai da anka watse. Na matsa kusa da shi bisa tabarma, munka zauna haka nan. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maniru, hularsa ce. Ta faɗo kan gilas ɗina ta tsaya." Na ce na ji. Ya ce, "Ran idi na yi maka dariya." Na ce ni ma da ni ne da na yi.

Na ce mashi abin ba yanzu yake zuwa ba, sai mutane sun daina zuwa gaisuwa. In ya zo, kada ya nemi mai ƙwaya, ya neme ni. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ba shi lambar kowa ba, ban koya mashi numfashi ba. Ni ba malamin kowa ba ne, direba ne.

Gobe zan biya in ɗauke shi mu tafi masallacin Juma'a tare. Hanyata ce ta bi ta ƙofar gidansu.

To, ba sosai ba.